Chappal Waddi ko Gangirwal: wane suna zan rubuta wa yara a allo?

Malam Sabi'u, Kano:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun jiya. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare. Na tambayi 'yan aji biyu, wane tsauni ne ya fi kowanne tsawo a duniya? Kafin in rufe baki sun ce Everest. A Afirka fa? Kilimanjaro. Na ce to a Najeriya fa? Aji ya yi tsit. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce Dutsen Zuma, wani ya ce duwatsun Jos, wani yaro kuma da gaskensa ya ce Dala. Ban ga laifinsu ba, domin ba a taɓa gaya musu ba.

Da na koma gida don in shirya darasi sai ni ma na rikice. Tsayin dai babu gardama: mita 2,419, a jihar Taraba, kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Amma suna ya rabu. Wani wuri Chappal Waddi, wani wuri Gangirwal, taswirar Faransanci kuma Tchabal Ouadé. Sannan ga tsohon littafin mahaifina da ya yi makaranta da shi, shi cewa ya yi Vogel Peak ne mafi tsawo. Don Allah waɗanda suka san yankin, wanne zan rubuta a allo ranar Litinin, kuma me sunan yake nufi?

Nafisa, ɗaliba:
Wa alaikumus salam Malam. Wallahi ni ma yau na fara jin sunan, kuma ina shekara ta uku a jami'a. Ina nan ina sauraro.

Hajiya Asabe, Yola:
Malam Sabi'u, littafin mahaifinka bai yi maka ƙarya da gangan ba, mu ma abin da aka koya mana ke nan, kuma na koyar da shi shekaru kafin in gane. Wanda ake kira Vogel Peak wani tsauni ne daban, yana cikin duwatsun Shebshi ta wajen Ganye a nan Adamawa, tsayinsa mita 2,042. Mutanen wurin Dimlang suke ce masa. Ka ga tsakaninsa da na Taraba akwai kusan mita 380, ba ƙaramin bambanci ba ne.

Shi Vogel ɗin Bajamushe ne, Eduard Vogel, wanda gwamnatin Ingila ta turo ya bi sawun Barth, wani Bajamushen mai yawon binciken ƙasashe, a Borno. Barth shi ne wanda aka sani a ƙasashenmu da suna Abdulkarim, Vogel kuma Abdulwahid yake kiran kansa. Ya zo Bauchi, ya ƙetare Binuwai a 1855, aka kashe shi a ƙasar Wadai, Cadi ta yau, a 1856, bai kai shekara talatin ba. Turawa suka liƙa sunansa a kan dutsen da mutane suka yi ƙarnuka suna noma a gindinsa. Abin da ke ba ni takaici shi ne na girma a Adamawa, amma sunan Bajamushen na riga sani kafin Dimlang.

Baffa Hammadu, Gembu:
Salamu alaikum. Malam, ka kawo tambaya gidanta. Na yi aikin malamin dabbobi a kan tudun nan na Mambilla shekaru masu yawa, akwai rugagen da sai na yi yini biyu a ƙafa kafin in kai musu allura.

Sunan Fulatanci ne, rubutun ne ya ɓata shi. Ba Chappal ba ne, Caɓɓal ne. Mu muna da kalma biyu. Hooseere shi ne dutse irin wanda ka sani, mai tsayuwa a gabanka. Caɓɓal kuma tudu ne mai faɗi a can sama, wanda idan ka gama hawa za ka tarar da fili da ciyawa da ruwa, inda shanu za su yi kiwo. Waade kuma mutuwa ce. Caɓɓal Waade, tudun mutuwa. Akwai maƙwabcinsa cikin gandun, Caɓɓal Henndu, wanda ake rubutawa Chappal Hendu. Henndu iska ce, kuma duk wanda ya kwana a can ya san dalili. Haka Maayo kogi ne, shi ya sa kake ganin Mayo Selbe, Mayo Ndaga, Mayo Belwa a taswira.

Bature ya ji da kunnen Ingilishi ya rubuta Chappal Waddi, na Faransa ya ji da nasa kunnen ya rubuta Tchabal Ouadé. Magana ɗaya ce daga baki ɗaya.

Malam Sabi'u, Kano:
Allah ya ƙara sani Baffa, Allah ya ja kwana. Ka warware mini rabin matsalar a sakin layi ɗaya. Hajiya na gode. To Gangirwal fa?

Usman, Serti:
Baffa barka da dare, a ba ni dama in sa baki, na hau shi sau biyu. Yawancin masu rubutu suna ɗaukar sunayen biyu a matsayin abu ɗaya. Amma makiyayan da muka kwana a wurinsu, idan suka ce Caɓɓal Waade da hannu suke share dukan tudun, idan kuma suka ce Gangirwal sai su nuna can ƙololuwar da yatsa. Ma'aikatan gandun daji ma Gangirwal na fi ji a bakinsu. Jerin duwatsun baki ɗaya kuma a taswira Gotel ne.

Bari in ba ku yadda tafiyar take, don a gane wurin da ake magana a kansa. Daga Jalingo za ka bi ta Bali ka zo Serti, nan hedikwatar gandun take, nan ake karɓar izini a haɗa ka da ma'aikaci mai rakiya. Daga nan Mayo Selbe, sai hawan Mambilla, inda mota ke nishi tana kwana bayan kwana. A Nguroje muka bar mota muka hau babura, inda babur ya gaza muka ɗora kaya a ka. Hawa na farko a watan Janairu ne. Da rana, rana tana dukanka sosai, har fatar hanci ta saɓule. Amma da la'asar ta yi sanyi ya sauko kamar an buɗe ƙofa. Da asuba na zuba ruwa a buta zan yi alwala, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa, sai da na kai su bakin wuta. Wata dattijuwa a rugar ƙarshe ta ba mu madara mai ɗumi a ƙwarya, ban taɓa shan abin da ya kai mini rai irinta ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro hazo ne. Ba hazon hunturu irin na Kano mai ƙura ba, gajimare ne da kansa yake tahowa ya rufe ku. Muna cikin tafiya a fili, ina ganin kwari a hagu har iyakar ido, cikin minti kaɗan na daina ganin mai rakiyarmu da ke gabana da taku goma. Ya daka tsawa ya ce kowa ya zauna inda yake. Muka zauna a ciyawa fiye da awa guda. Da ya yaye sai na ga ashe bakin gangaren bai fi tsawon igiyar guga daga inda nake ba, kuma ƙasansa ba a hango shi sai saman itatuwa. Tun ranar ban ƙara tambayar dalilin sunan ba.

Nafisa, ɗaliba:
Innalillahi. Yaya Usman amma me ya sa sanyi haka, alhali Taraba ta fi mu kusa da kudu, ai na ɗauka can ya fi zafi?

Malam Sabi'u, Kano:
Nafisa wannan kam fannina ne. Duk mita 1,000 da kika hau sama, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, saboda iskar sama ba ta da nauyi, tana buɗewa tana hucewa. Kano ba ta kai mita 500 daga saman teku ba. Jos kimanin 1,200 ce, kin ga yadda ake kukan sanyinta. To ƙololuwar nan ta ninka Jos sau biyu. Tsakaninta da Kano kusan mita 1,900, wato digiri 12 ke nan aka cire miki kafin a yi maganar iska da dare. Kuma iskar damina mai ɗauke da danshi daga teku idan ta ci karo da tsauni dole ta hau, tana hawa tana sanyi, sai ta sauke ruwanta. Shi ya sa ake samun kurmi a cikin kwaruruka, sama kuma ciyawa. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun nan shi ke ciyar da kogin Taraba, ya faɗa Binuwai, Binuwai ta haɗu da Neja a Lakwaja.

Baffa Hammadu, Gembu:
Kuma sanyin nan shi ya kai makiyaya can. A ƙasa cikin kurmi akwai tsando, yana sa wa shanu sammore. A kan caɓɓal babu shi. Mutum zai jure sanyi da tsawa in dai garkensa zai rayu. Amma tudun yana karɓar nasa. Na taɓa zuwa wata ruga bayan tsawa ta faɗi da dare, na tarar da shanu kwance a gefe guda kamar an jera su, mai su yana zaune a kan dutse bai ce da ni uffan ba, hannuna kawai ya riƙe. A fili ne tsawa ke samun su, babu abin da ya fi su tsayi a wurin.

Injiniya Kabiru, Abuja:
Na karanta komai kuma na ƙaru. Amma ku yi haƙuri, ni ina da wani ra'ayi daban. Wannan shi ne wuri mafi tsawo a ƙasarmu, abin alfahari. Ta yaya za mu ce wa baƙo ko ɗan makaranta ga Tudun Mutuwa? Wace uwa ce za ta bar ɗanta ya je yawon buɗe ido inda sunansa ke nan? Mu Musulmi mun san an so a sauya mummunan suna da kyakkyawa. Tanzaniya ta yi. Ƙololuwar Kilimanjaro a da sunan sarkin Jamus Wilhelm take ɗauke da shi, bayan samun 'yanci suka mai da ita Uhuru, wato 'yanci. Me zai hana mu kira namu Tsaunin Sardauna? Ai ba don ƙoƙarinsa ba da yankin ma ba ya cikin Najeriya.

Hajiya Asabe, Yola:
Injiniya, maganarka ta ƙarshe tana da tushe, bari in faɗaɗa ta don yara su sani. Gashaka da Mambilla a da suna cikin Kamaru ta Jamus. Bayan an ci Jamus a yaƙin duniya na farko aka raba ƙasar tsakanin Ingila da Faransa, wannan yanki ya faɗo hannun Ingila a matsayin amana, tana gudanar da shi tare da Arewa. Ranar 1 ga Oktoba 1960 da aka ɗaga tutar Najeriya, tsaunin nan ba namu ba ne. Sai a Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, Kamaru ta Arewa ta zaɓi Najeriya, ta Kudu ta zaɓi Kamaru. A watan Yuni aka haɗe, aka kira yankin Lardin Sardauna. Ina ƙarama lokacin, amma na tuna mahaifina da abokansa a zaure sun kewaye rediyo.

Sai dai ban bi ka zuwa ƙarshe ba. An riga an karrama Sardauna a can, ƙaramar hukumar da Gembu ke ciki sunansa take amsawa har yau. Kuma misalin Tanzaniya bai yi daidai da namu ba. Su sunan baƙo suka cire. Kai kuma sunan mutanen wurin kake so a cire a sa na wanda ya zo daga nesa, komai girmansa a idonmu. Ashe ba abin da na gama kuka da shi a kan Dimlang ke nan ba?

Injiniya Kabiru, Abuja:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, amma ba za a haɗa Sardauna da ɗan leƙen asirin Turawa ba.

Hajiya Asabe, Yola:
Ban haɗa mutanen ba ɗana, aikin na haɗa.

Dokta Mansur, Amurka:
Salam. Ina zaune a ƙasar da wannan rigimar ta yi fiye da shekara ɗari ba ta mutu ba, bari in ba ku labarinta ko Injiniya zai sake tunani.

Tsauni mafi tsawo a Arewacin Amurka yana Alaska, mita 6,190. Mutanen Koyukon da ke zaune arewa da shi suna kiransa Denali, wato mai tsawo. A 1896 wani mai neman zinariya, William Dickey, ya sa masa sunan McKinley, ɗan takarar shugaban ƙasa a lokacin, mutumin Ohio wanda bai taɓa taka Alaska ba. McKinley ya ci zaɓe, aka harbe shi a 1901, sunan ya zauna, gwamnati ta tabbatar da shi a 1917. A 1975 jihar Alaska ta nemi a mayar da Denali, 'yan majalisar Ohio suka tare hanya shekara arba'in. A 2015 gwamnatin Obama ta mayar. A Janairun 2025 Trump ya sa hannu aka koma McKinley a takardun tarayya. Mutanen Alaska kuwa Denali suke cewa kafin duk wannan, shi suke cewa yanzu. Kuma wanda ya fara sa ƙafa a ƙololuwar a 1913, Walter Harper, mahaifiyarsa 'yar Koyukon ce.

Abin da nake so ka gani Injiniya shi ne, da zarar ka ɗora sunan ɗan siyasa a kan dutse, dutsen ya shiga siyasa. Yau ka ce Sardauna, gobe wata gwamnati ta ce a'a ga nata gwanin, jibi mutanen Taraba su ce me ya sa ba ɗansu ba. Yara a aji su ne za su riƙa goge allo.

Injiniya Kabiru, Abuja:
Dokta na ji wannan, kuma hujja ce. Na janye maganar sunan mutum. Amma har yanzu kalmar mutuwa tana damuna. Ko a tsaya a Gangirwal kawai, tunda shi ba ya tayar wa mai jin Hausa hankali?

Usman, Serti:
Ranka ya daɗe Injiniya, ni da na zauna a cikin gajimaren nan ina ganin sunan alheri ne aka yi mana. Wanda ya raɗa shi gargaɗi ya bari, kamar yadda ake cewa kwanar mutuwa a kan titi don direba ya rage gudu. Na ga samari sun zo daga birni da takalmin gayu da riga ɗaya, suna cewa ai yini ɗaya ne. Idan mai rakiya ya fassara musu sunan sai ka ga sun nutsu sun sayi bargo. Kuma baƙi ba sa gudu saboda suna. Abin da ke hana mutane zuwa hanya ce da nisa da rashin sani.

Kuma a kan hanyar ma akwai suna na Hausa da nake so. Gindin hawan Mambilla ana ce masa Hawan Biyu da Sisi. Labarin da ake bayarwa shi ne sule biyu da sisi ake biyan leburorin da suka fasa hanyar. Ka ga da an sa masa sunan wani gwamna da gumin mutanen nan ya ɓace.

Alhaji Bello, Banyo:
Gaisuwa daga ɗaya gefen dutsen, wato Kamaru. Ina jin daɗin yadda kuke cewa tsauninmu, tsauninmu. Mu ma nan muna ganinsa, iyaka ta kansa ta bi, kuma makiyayi ba ya tambayar ciyawa ko ta wace ƙasa ce. Tun hukuncin Kotun Duniya na 2002 ake bin iyakar nan ana kafa turaku, amma dangi suna nan gefe biyu, kasuwa ɗaya muke ci. A wurinmu ba shi ne babba ba. Tchabal Mbabo da ke arewa da mu ya ɗan fi shi, Oku ya haura mita 3,000, Dutsen Kamaru na bakin teku kuma ya haura 4,000, yana aman wuta har a zamaninmu. A lakwal, wato makarantar boko, an koya mana cewa duk layi ɗaya ne na duwatsun da wutar ƙasa ta tayar, daga tsibiran cikin teku har zuwa tudun Biu a Borno. Baffa Hammadu ya faɗi gaskiya kan rubutu. Mu nan Tchabal muke rubutawa, amma idan tsoho ya buɗe baki Caɓɓal za ka ji.

Malam Yakubu, Nguroje:
Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Baffa, da girmamawa, ina da ƙari. Kowa a nan yana cewa sunan asali, sunan mutanen wurin, kuma kowa yana nufin Fulatanci. Ni Bamambile ne. Kakannina da Ndola da Jibu da wasu suna cikin duwatsun nan kafin tutar Modibbo Adama ta iso wannan yanki a ƙarni na 19, kuma manyan garkuna sai a ƙarnin da ya wuce suka cika tudun Mambilla. Mutanen da suka yi farauta a kurmin nan suka binne iyayensu a gindinsa ba su zauna ba tare da kiran duwatsun da wani suna ba. Bature mai zana taswira da ya zo, tafintansa Fulatanci da Hausa yake ji, daga fadar sarki aka haɗa shi da ɗan rakiya. Abin da ɗan rakiya ya faɗa shi ya shiga takarda. Kakata tana da sunan kowane tudu da ke kewaye da ƙauyenmu da harshenmu, da na rafi, da na dutsen da ake shanya hatsi a kai. Ta rasu ina makarantar kwana. Yau idan na tsaya a ƙofar gida, rabinsu kawai nake iya kira. Wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ba ina neman a goge Caɓɓal Waade ba ne. Ina cewa kada a rufe littafi a kansa kamar shi ne shafi na farko.

Shugaban zaure:
Jama'a a lura, mun san yankin nan ya sha zafi a baya. Malam Yakubu ya yi magana cikin ladabi, a amsa masa haka. Duk wanda ya kawo zagin ƙabila zan cire saƙonsa.

Baffa Hammadu, Gembu:
Shugaba kada ka damu. Yakubu ɗana, ba ka faɗi abin da ba haka ba. Mun tarar da mutane, wannan ba abin musu ba ne. Ni kaina lokacin da nake yawon allura, mafarautan ƙasa ne suke nuna mini hanya a cikin kurmi, kuma sunayen da suke kiran rafuka ba namu ba ne. Makiyayi saman tudu ya sani, shi ya raɗa wa suna. Mafarauci da manomi kwari da kurmi suka sani. Ban rubuta nasu ba a lokacin, littafina na lissafin shanu ne kawai, kuma yanzu ina da-na-sani. Allah ya jiƙan kakarka. Idan ka shirya, akwai tsofaffi biyu a Mayo Ndaga da na sani tun ƙuruciya, har yanzu hankalinsu garau. Ka zo da wayarka mu je tare ka ɗauki muryarsu. Kada mu wuce wannan rani.

Malam Yakubu, Nguroje:
Amin Baffa, na gode ƙwarai. Zan kira ka bayan sallar Juma'a.

Dokta Mansur, Amurka:
Malam Yakubu, ko a Alaska haka ne. Denali sunan Koyukon ne, amma mutanen Dena'ina da ke kudu suna da nasu, Dghelay Ka'a, babban dutse. Everest ma Comolungma ne a Tibet, Sagarmatha a Nepal. Tsauni babba ba gefe ɗaya ake kallonsa ba.

Malam Isufu, Agadas:
Mu a Nijar mun yi sa'a ta nan. Mafi tsawonmu yana cikin duwatsun Bagzan a Abzin, mita 2,022, sunansa na Tamashek ne, Idukal-n-Tagas, ba a canza shi ba. Amma ciwon Malam Sabi'u namu ne. Ɗan lakwal a Maraɗi zai kawo maka tsaunin Mont Blanc na Turai da tsayinsa, ka tambaye shi Bagzan ya ce maka sunan doki ne.

Nafisa, ɗaliba:
Yaya Usman tambaya ta ƙarshe, akwai namun daji da gaske a wurin ko a takarda ne kawai? Kuma mace za ta iya hawa?

Usman, Serti:
Akwai ƙanwata. Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, an mai da shi na tarayya a 1991. Akwai ɓauna, akwai birai iri-iri, akwai birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi, irin da ba a samunsa sai a Najeriya da Kamaru. Shi ban gan shi ido da ido ba, amma na ji kukansu da sassafe daga cikin kwari, kuma mai rakiya ya nuna mini shimfiɗar ganye da suke yi a kan itace su kwana. Farauta da sare itace da ƙona daji suna cin wurin, wannan gaskiya ce. Mata kuwa suna hawa, a tafiyata ta biyu akwai mata biyu, ɗaya ma ta riga ni kaiwa. Ki zo tsakanin Disamba da Maris. Da damina rafuka suna cika, hanya tana santsi.

Malam Sabi'u, Kano:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Ga abin da na tsayar. Na lura da wani abu da ya ba ni kunya a matsayina na malami: muna da harafin c, muna da ɓ a rubutunmu na boko, yaran Kano za su iya furta Caɓɓal daidai tun karon farko, amma muna kwafo Chappal daga wanda ba shi da waɗannan haruffa a harshensa. Don haka a allo zan rubuta Caɓɓal Waade da manyan baƙaƙe, in fassara, in ce ƙololuwarsa Gangirwal, mita 2,419. A ƙasa in rubuta Chappal Waddi in ce musu wannan za su gani a takardar jarrabawa, kada su faɗi saboda ni. Zan kawo Dimlang in gaya musu yadda ya zama Vogel. Sannan zan bar layi ɗaya babu komai, in ce na Malam Yakubu ne, sai ya dawo daga Mayo Ndaga. Aikin gida kuma, kowa ya tambayo kakarsa sunan wani tudu ko kududdufi ko rafi na garinsu da dalilin sunan.

Injiniya, ina fata ba mu ɓata maka ba.

Injiniya Kabiru, Abuja:
Ko kaɗan Malam. Har yanzu da ni ne mai raɗa suna da ban zaɓi wannan ba, amma ba ni na kwana a can da shanu ba. Usman ka turo mini lambarka ta akwatin sirri, ina so in san abin da tafiyar za ta ci, ni da yarana biyu, a hutun Disamba.

Baffa Hammadu, Gembu:
Malam Sabi'u, gyara ɗaya kafin Litinin. Idan za ka faɗa musu, ka ja wasalin farko, Waa-de, kada ka danne d ɗin kamar yadda aka rubuta Waddi. Ka kira ni da safe kafin ka shiga aji, in faɗa maka sau biyu ka ji da kunnenka.